Jar Saniyar da Ba Tamu Ba

Shekarar da ɓarayin daji sunka kwashe mana shanu, ban ga Baffa ya yi kuka ba. Baffa shi ne mahaifina, haka muke kiransa. Ya dai zauna a bakin garken da babu komi ciki sai kashi da guntayen igiya, yana kallon ƙasa har rana ta take. Mu Fulani ne da munka daɗe da zama a gefen Maikujera, muna noman gero da dawa kamar kowa, ni kam Hausa ma ta fi Fillanci zama a bakina. Amma a wurin Baffa, mutumin da ba shi da ko wutsiya guda, ko ya cika rumbu goma, tsirara yake yawo.

Labari ya kai ga wani amininsa da ke cikin Nijar, can wajen Madawa. Tun suna samari suke haɗuwa a mashaya, lokacin da shanunmu ke hawa arewa da damina, nasu kuma su gangaro da rani. Mu yaran gida Baffan Arewa muke ce masa. Ba a daɗe ba sai ga shi da ƙafarsa, yana jaye da wata karsana ja mai dogon wuya. Ya ɗaure ta a turken da ke ƙofar ɗakin Baffa, ya sha fura, ya kwana, da safe ya ɗauki sandarsa ya koma. Ko kalma ɗaya bai yi a kan karsanar ba.

Wannan shi muke kira haɓɓanaye. In ɗan'uwanka ya rasa dabba, sai ka ɗaure masa karsana. Zai riƙe ta, ya sha nononta, ta haifa masa sau uku, 'ya'yan duk nasa ne. In ta yaye na ukun, sai ya ja uwar da ƙafarsa ya mayar wa mai ita, hannu da hannu. A tsakanin nan, in kai anka ɗaure wa, ba ka dukanta, ba ka sayar da ita ko yunwa za ta kashe ka, ba ka kuma sa mata wuƙa sai da bakin mai ita. In harawa ta rage dami guda a gida, ita za ta ci, naka su kwana da yunwa. Na sha jin haushin Baffa a kan wannan, don akwai ranar da ya kwashe dusar da matata ta aje wa tumakinta ya zuba wa jar saniya, ya kuma hana kowa magana.

Allah ya sa mata albarka. Ta haifa mana mata biyu da namiji ɗaya, gidanmu ya sake jin kukan maraƙi da asuba. Ta yaye na ukun daidai kaka, lokacin da ya kamata a mayar da ita ke nan. To amma tun cikin damina sojoji sun karɓe mulki a Nijar, shugabannin ƙasashen da muke ƙungiya ɗaya da su sunka yi fushi, anka rufe iyaka, anka yanke masu wuta. Masu bin daji suna wucewa a ɓoye, sai dai ana ta ba da labarin waɗanda anka kama anka ƙwace masu dabbobi. Baffa ya ce a dakata, fushin manya ba ya daɗewa. Muna cikin dakatawar ne cikin da ta ɗauka ya fito fili, shi kuwa na huɗu ba namu ba ne, na mai ita ne. Ya zama amana biyu ke ɗaure a ƙofarmu.

A lokacin kuma ciwo ya kwantar da Baffa. Ƙafafunsa sunka kumbura, abinci ya ƙi shiga. Ya sa anka juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa don ya riƙa ganin saniyar daga kwance. Na yi ta kiran wayar Baffan Arewa, a kashe. Ko da ta shiga ma, ban san mi zan ce masa ba, don ba a buɗe baki a roƙi mai haɓɓanaye ya ƙara maka lokaci. Abin kunya ne.

Wata safiya ina zaune wurin mai shayi a Maikujera, rediyo ya ce Nijar da wasu maƙwabtanta sun ce sun fita daga ƙungiyar baki ɗaya, ba su ba ita. Daga baya anka ce shugabannin da sunka rage za su zauna a Abuja su yanke abin da za a yi. Kafin in shanye shayina, teburin nan ya gama yanke hukunci. Wani ya ce katanga za a gina tun daga Illela har inda ƙasa ta ƙare. Wani ya ce rami za a haƙa. Wani da ke da ɗa a birni ya rantse yaƙi za a kai. Babu wanda ya san komi, amma kowa ya yarda da abu ɗaya, cewa da zarar manyan nan sun tashi daga zamansu, ko kaza ba ta sake ƙetarawa. Ni ma na yarda, kada in yi ƙarya.

Da na koma gida na gaya wa Baffa, sai ya ɗago kai da ƙyar.

"Mi kac ce?"

"Sun ce hita za su yi, Baffa."

"Hita daga ina? Ƙasa na da ƙahwa ne da za ta tashi ta bar wurinta?"

Na yi masa bayani iya abin da na gane. Ya kalli saniyar, tana ta tuƙa abinta. Sannan ya ce, "Gobe ka tahi da ita, tun ba su zauna ba."

Na ce masa rani ne, babu ciyawa a hanya, kuma cikinta ya tsufa. Na ce a bari ruwa ya sauka. Har murya na ɗaga masa, abin da ban saba ba, don raina ya ɓaci ƙwarai. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ruwan ga da kaka faɗi, ba lallai shi iske ni ba. Ba ni son in kwanta kabari da saniyar mutane ɗaure ga ƙohwata. In sun ruhe har abada, mi zan ce ma Allah?" Daga nan ya juya fuskarsa bango, furar da anka kawo masa ma ya ƙi ta.

Mi ya rage mini? Da gari ya waye na ɗaura mata igiya, na rataya gora da ɗan buhun dusa, munka kama hanya.

Hanyar gabas ta fi kusa, amma ta zama ta ɓarayi, mai hankali ba ya bin ta da dabba. Sai na yanke in bi ta ƙasar Wurno, in ɓulla Goronyo, daga nan in nemi masu sanin daji su nuna mini inda ake ƙetarawa. Ba a sa haɓɓanaye a mota a kai ta kamar kayan kasuwa, ko da ina da halin motar ma, direba ba zai tunkari iyaka a lokacin ba. Tafiyar ƙafa ce, ni a gaba, ita a baya, sai mu yi sammako mu tsaya in rana ta yi zafi.

Wanda bai ja saniya mai ciki ta cikin fadamar Wurno da rani ba, bai san baƙin ciki ba. Ko ta ina ka duba kore ne shar, albasa da tafarnuwa da alkama, ruwa na gudu a cikin lambuna, amma babu inda dabba za ta sa baki. Burtalin da Baffa ya kwatanta mini, wanda sunka bi da garke suna samari, yanzu bai fi faɗin tabarma ba, wani wurin ma ya shige cikin gonar wani. Ina riƙe da igiyar kusa da bakinta don kada ta kai wa shukar mutane cafka. Tana ja, ina ja, tana kallon ganye tana huci. Ban ga laifin masu lambun ba, su ma abincin 'ya'yansu suke tsaro. A Magarya wani dattijo ya ga halin da take ciki ya ba ni damin harawa kyauta, ya ce in yi masa addu'a.

Bayan mun bar Magarya wasu masu sintiri sunka tare ni a hanya. Bafillace shi kaɗai, da saniya mai kyau, yana nufin arewa a irin wannan lokaci, ai kowa ya san abin da zai zo masu a rai. Na yi rantsuwa, na faɗi garinmu da unguwarmu, na yi masu bayanin haɓɓanaye. Ɗayansu ya yi dariya ya ce bai taɓa jin ɓarawon da ya ce mayar da kaya zai yi ba sai yau. Sunka zaunar da ni a bakin hanya, sunka ɗaure ta a wani kututture inda babu inuwa, har sai da anka samu wanda ya san mai unguwarmu ya shaide ni ta waya. Lokacin da sunka ce in tafi, rana ta riga ta karya. Saniyar ta wuni tsaye a cikin zafin nan ba ruwa, ina gani, ina roƙo, babu wanda ya kula.

Tun daga ranar tafiyarta ta canza. Takan yi ɗan taku ta tsaya, ta buɗe ƙafafu, kanta a ƙasa. Dusa ta ƙare. Na riƙa hawa itace ina sassabo mata ganye, na riƙa yi mata magana da Fillanci yadda Baffa ke yi, ina lallashinta kamar mai lallashin amarya. Na so in juya gida, wallahi na so. Amma in na tuna fuskar Baffa a jikin bango, da manyan can da ke shirin zama, sai in ce a ƙara ko kaɗan ne. A raina na zagi mutanen nan iya zagi. Mutanen da ba su taɓa jan akuya ba, suna cikin sanyin ɗaki, su ne sunka fito da ni da saniya mai ciki cikin wannan rana.

A bakin garin Rimawa ta durƙusa. Da hantsi ne, kusa da wata rijiya. Ta fara sa gwiwoyin gaba, sannan ta saki jikinta gaba ɗaya. Na ɗauka hutu take so. Na jawo ruwa na ba ta, ta sha kaɗan ta kau da kai. Na ja igiya, ta miƙa wuya kawai.

Mutanen Rimawa sun yi mini abin da ba zan manta ba. Kafin in nemi taimako maza sun taru, anka zura itace biyu a ƙarƙashin cikinta, anka ɗaga da salati. Ta tsaya a kan itacen, ƙafafunta na lilo, da anka sassauta sai ta koma ƙasa. Anka sake, anka kuma sakewa. Wata tsohuwa ta aiko da jiƙon dusa da kanwa. Wani ya hau babur ya ɗauko malamin dabbobi daga Goronyo, ya zo ya duba idonta, ya taɓa cikin, ya yi mata allura. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce kada in sa rai, ƙarfinta ya ƙare, ɗan cikin ma da wuya in yana motsi.

Bayan azahar Sarkin Fawan garin ya zo ya tsuguna kusa da ni, dattijo ne mai sanyin magana.

"Ɗan Fulani, saniyar ga ba ta kai magariba. Ka bari a sa mata wuƙa tun da sauran numfashi."

"Ba tawa ba ce, Baba."

"To ta wa ce?"

"Mai ita na Nijar. Sai da bakinshi."

"To kira shi."

Na kira. Wata mata ce ke ta maimaita magana da Faransanci, sai layin ya yanke. Anka ce in hau tudun da ke bayan makaranta, can waya ta fi kamawa. Na hau a guje, na kira, matar nan ce dai. Na sauko na duba saniyar, na sake hawa. Ban san sau nawa na yi wannan hawa da sauka ba. Na nemi lambobin 'yan gida wurin duk wani ɗan Nijar da ke cikin garin, masu sayar da kanwa da masu ga-ruwa, ko akwai wanda ya san wani a wajen Madawa da zai taka ya kai saƙo. Babu wadda ta shiga. Ban kira gida ba, don na san abin da Baffa zai ce, cewa shi ma ba shi da bakin da zai ba da izini, kuma na ji tsoron labarin ya ƙarasa shi.

Liman ya zo da kansa. Ya ce mini a shari'a babu laifi a kaina, wanda ya ceci dukiyar ɗan'uwansa daga zama mushe alheri ya yi masa. Na san gaskiya ya faɗa. Sarkin Fawa ya riga ya aika an kawo wuƙa, an juya kan saniyar gabas, abin da ake jira kawai in ɗaga kai. Na kalli wuyan nan da Baffa ke shafawa kullum da safe. Tun ina yaro nake jin yadda ake ambaton gidan da sunka yanka haɓɓanaye, har jikokinsu ba a ɗaure wa karsana.  Na ce su ba ni dama in gwada sau ɗaya tak, na sake rugawa tudun nan, ina kira ina roƙon Allah a fili kamar mahaukaci, ina cewa ya sa tsohon nan ya kunna wayarsa ko na minti ɗaya ne.

Ina can sama na hango mutane sun fara watsewa daga bakin rijiya. Da na sauko, Sarkin Fawa yana mayar da wuƙarsa kube. Saniyar ta riga ta mutu, wuƙa ba ta taɓa ta ba. Wata mata a bayana ta ce, a wannan tsadar da yara ke wata ba su ga nama ba, an bar saniya guda ta tafi a banza. Ban juya ba, don ba ta yi ƙarya ba.

Duk da haushina da suke ji, su ne sunka kawo shanun noma anka ja ta zuwa bayan gari. Na ce ba zan bar wa karnuka da ungulu ba, sai sunka ara mini diga da shebur, wasu ma sunka kama mini haƙa. Munka rufe ta da ɗanta a ciki. Na kwance igiyar na naɗe, na rasa inda zan sa ta.

Washegari da safe ina zaune a rumfar mai shayi, ban iya shan komi ba, rediyo ya kawo labarin zaman Abuja. Shugabanni sun tashi. Sun ce a buɗe iyaka, a mayar da wuta, a bar mutane da kaya su wuce, sun kuma roƙi waɗanda sunka ce sun fita da su sake tunani. Babu katanga, babu rami, babu yaƙi. Rumfa ta kaure da murna, masu albasa suna ta hamdala. Ni kuwa na ji kamar in kama rediyon nan in maka shi da ƙasa. Ashe abin da za su faɗa ke nan. Da sun faɗe shi tun kafin in baro gida, da tana can ɗaure a inuwa tana tuƙa.

Da rana ta ɗaga wayata ta yi ƙara. Baffan Arewa ne, ya shigo gari cin kasuwa ya samu inda ya sa caji, muryarsa cike da fara'a.

"Ɗana, kun ji labari? An ce za a buɗe. Na ga kiranka da yawa. Ka ce ma Baffanka kada shi wahal da kai nai, ku bari sai ruwa ya sauka ciyawa ta hito. Ko ni in zaka da kaina in gan shi. Ya jar tawa?"

Na gaya masa. Ban rage komi ba, tun daga ciwon Baffa har zuwa wuƙar da anka mayar kube. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Bakina kat tsaya jira?"

"I, Baffa."

"Kayya, ɗana. Da ka yanka, mutanen garin sun ci, ni da kai mun samu lada." Ya ja numfashi. "Ta Allah ce, ya karɓi abinai. Baffanka ya sani?"

"Bai sani ba."

"To kada shi sani. Ni ad da saniya, ni kuma nic ce ta iso. Ka ce mai ka ba ni hannu da hannu, na gode."

Ban iya komawa gida a ranar ba, don Baffa ya san tsawon hanyar nan fiye da ni, zai gane ban kai ba. Na zauna a Goronyo ina taya masu albasa ɗura buhu, ina kwana a masallaci, har sai da na ga kwanakin zuwa da dawowa sun yi. Igiyar na ba wani mai jaki.

Na iso Maikujera da la'asar. Baffa ya ƙara ramewa, matata ta ce tun tafiyata ruwa kawai yake kurɓa. Na durƙusa a bakin shimfiɗarsa na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba.

"Ta isa?"

"Ta isa, Baffa."

"Hannu da hannu?"

"Hannu da hannu. Ya ce a gode maka."

Ya lumshe ido, ya daɗe yana motsa baki. Sannan ya ce a dama masa fura, yunwa yake ji. Ni na riƙe masa ƙwaryar, ya shanye ta tas, yana sha yana tambayata ko ta wahala a hanya.